Wayar Mama Rhoda Ba Ta Da Wuri

Salama gare ku, 'yan gidana masu bin labarin nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in rage taurin kai kafin in tsufa a ɗakin uwata. Na gode, 'yar'uwa, amma ki karanta na yau tukuna.

Ga sababbin zuwa: sunana Jemimah, haifaffiyar Samaru. Kwamfuta na karanta, kuma da rana ina zama a shagon gyaran waya na ƙawata Nneoma a unguwar PZ. Saurayina Japheth ne, dogo mai saje, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Yana rubuta wa wani kamfani na Legas manhajar waya daga ɗakinsa, kuma ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Lokacin da abin ya fara, saura mako uku kawunnansa su zo gidanmu gaisuwa.

Matan Zumunta na majami'a ne suka haɗa mu faɗa ba tare da sun sani ba. Na Samaru da na Sabon Gari za su yi babban taronsu na shekara, ga littafin waƙoƙinsu ya yage, takardun da ake bugawa kuma kullum a jakar cefane suke ƙarewa, su jiƙe da manja. Shugabarsu Mama Rhoda, wato mahaifiyar Japheth, ta ce tunda Allah ya ba su yara biyu masu kwamfuta, a yi musu manhaja mai ɗauke da waƙoƙin da ranakun gwaji. Mamana kuwa ita ce mai buga tulu a ƙungiyar. Kun ga ke nan uwa biyu ne suka zuba mana ido.

Ran Talata muka zauna a wurin shan fura da yogot kusa da kasuwar Samaru. Japheth ya buɗe kwamfutarsa tun kafin a dama mana.

"Babu wani dogon tunani," ya ce. "Flutter ko React Native. Mu rubuta sau ɗaya, ya fita a Android, ya fita a iPhone. Mu sa bidiyon kowace waƙa, kowa ta shiga da imel ɗinta. Yayata da ke Landan ma za ta iya saukewa."

"Yayarka tana waƙa a majami'ar Muchia?"

Ya ɗago kai. "Me kike nufi?"

"Na ƙirga su ran Lahadi. Mata sittin da biyu, iPhone uku, ɗaya ma ba ya kawo wuta. Sauran duk ƙananan Android ne, waɗanda 'ya'ya suka gaji da su suka bar wa iyaye. Mu yi da Kotlin, Android kaɗai, rubutu zalla, manyan baƙaƙe. Ba imel, ba data. Abu ɗan ƙarami wanda za su tura wa juna ta Xender, waya zuwa waya."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Xender! Jemimah, a wace shekara kike? Akwai Play Store fa."

"Akwai. Ka taɓa ganin Mama Rhoda ta shiga?"

Ni dai na san abin da nake faɗa. Shekara biyu ina karɓar wayoyin iyayenmu mata a PZ. Kowace idan ka buɗe, cike take dam da bidiyon jikoki, hotunan biki, wa'azi, da furannin barka da asuba da ake turowa a guruf. Idan suna son sabon abu, ba sa saukewa daga ko'ina. Sai su matso da kujera, su haɗa waya da waya, wannan ta zuba wa waccan kamar ana raba garwashi. Haka suke yi, kuma babu wadda ta taɓa zuwa ta ce min hanyar ta gaza.

"Ba kayan aikin nake zagi ba," na ce masa. "Duka suna da kyau. Amma abin da kake son lodawa a ciki ya fi ƙarfin wayoyinsu."

"Baby," ya kashe murya, yana shafa bayan hannuna, "wannan aikina ne na kullum. Ki bar min. Ke ki zaɓa mana kala."

Kala! Jama'a, ni da na fi shi maki a darasin da muka yi tarayya. Na shanye furata, amma a cikina wuta ce ke ci.

Kuskuren da na yi shi ne ba wa mamana labari. Tana tsinke zogale a tsakar gida, Baba na can ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa. Ta ajiye tiren ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke yanzu saura mako uku a zo gaisuwarki, shi ne za ki tsaya gasa da yaron nan? A gaban uwarsa?"

"Mama, ba gasa ba ce. Nasa ba zai shiga wayoyinku ba."

"To ya ƙi shiga mana! Mu da muke waƙa tun ba a haife ki ba, waya ce ta koya mana? Ki ji ni da kyau. Namiji zai yafe miki gishiri ya yi yawa a miya, amma ba zai manta ranar da kika fi shi a gaban mutane ba. Ki rufe wannan kwamfutar. Idan ya nuna nasa, ke ce za ki fara tafi."

Na ce to. Da bakina na faɗa, kuma Allah ya sani a lokacin har na so in cika. Ina son Japheth, ba zan ɓoye muku ba. Shi ne mutumin da ya taɓa tako ruwan sama daga Sabon Gari har Samaru don ya kawo min cajar da na manta. Tsoron rasa shi ya kama ni sosai.

Amma hannuna ya ƙi jin magana. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi a shago, sai in jawo kwamfuta. Nneoma ta zazzage min durowar tsofaffin wayoyin da take cire wa kayan gyara, ta ce, "Abeg, don Allah, gwada a kan waɗannan. In ya yi aiki a nan, zai yi aiki ko a kan dutsen guga." Na buga waƙoƙi ɗari da goma sha huɗu da yatsuna, daga yagaggen littafin Mama. Da na gama, nauyinsa mega huɗu ne, bai kai bidiyon jika ɗaya yana rarrafe ba. Na sa shi a wayata na yi shiru.

Bayan kusan mako biyu, daren Juma'a bai yi nisa ba saƙon Japheth ya shigo:

"Gobe ƙarfe uku a Muchia. Ki sa koriyar atamfar nan, ina son ta."

"To, ranka ya daɗe. Mega nawa ya zama?"

"Casa'in da shida kawai. Zan buɗe musu hotspot, kada ki damu."

Na daɗe ina kallon kalmar "kawai". Na rubuta amsa mai tsawo, na goge, na tura masa hoton zuciya.

Ran Asabar na sa koriyar atamfar, ɗinkin riga da siket, na kafa ɗauri, na sa 'yan kunnen da ya saya min. An yi yayyafi da rana, ƙasar harabar majami'ar tana ƙamshi. Matan sun cika bencuna cikin zanen zumunta da farar riga, tuluna da caki jere a gaba. Japheth ya zo cikin kaftani ruwan toka, ya kafa majigi, ya haska bango.

Zan faɗi gaskiya: abin ya yi kyau. Waƙa na buɗewa kamar fure, bidiyo na tashi, har da hoton Mama Rhoda a shafin farko. Mata suka yi guɗa. Mama ta waigo ta harare ni, na fara tafi kamar yadda aka umarce ni. Mama Rhoda tana gefe ta taga, tabarau a karan hanci, fuskarta kamar an ba ta kyautar duniya.

"To iyayena," in ji Japheth, "kowa ta kunna wayarta, mu sauke."

Minti biyar ba a yi ba aka fara kiransa ta ko'ina.

"Ɗana, tawa ta ce babu wuri."

"Ni kuma wai in sa kalmar sirri. Ɗana Collins ne ya buɗe min, yana Fatakwal."

"Tawa ta tsaya a rabi, ta yi zafi kamar kasko."

Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Yana bi benci benci yana cewa, "Ku ɗan goge abubuwan da ba ku buƙata, Mama. Bidiyo, tsofaffin saƙonnin murya, duk ku share." Mata suka duƙufa suna gogewa, wata na cewa bikin autarta ne, wata na cewa jikanta ne ranar da ya fara tafiya. Wayata tana cikin jaka a kan cinyata, na danne ta da hannu biyu. Na ce wa kaina: Jemimah, saura kwana bakwai, ki haɗiye.

Sai idona ya faɗa kan Mama Rhoda. Ba ta kira kowa ba. Ta juya baya kaɗan, tana taɓa fuskar wayarta a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Na san wayar nan. A kanta na fara sanin gidansu. Bara gilashinta ya fashe, ta kawo shagonmu da kanta, ta ƙi tafiya har aka gama. A nan ta gaya min abin da ke ciki: muryar mijinta, marigayi Baba Sati, mai bishara. A watanninsa na ƙarshe, yana kwance, kullum da yamma sai ya rera waƙa ya yi addu'a, ita kuma ta ɗauka. Guda arba'in da ɗaya. Na roƙe ta in kwafa mata a wani wuri don tsaro, ta ce a'a, muryar mijinta ba za ta kwana a kwamfutar kasuwa ba. Ta kuma ce ko 'ya'yanta ba su san da su ba, don ba ta son ta tayar musu da kuka. Ranar ce Japheth ya zo ɗaukarta da mota, ya gan ni karo na farko tun barinmu makaranta, ya manta inda ya ajiye makulli.

Na miƙe na zagaya ta bayanta. Muryoyin nan duk ta zaɓe su, kowanne da alamarsa. Babban yatsanta yana saman ɗan kwandon shara, alamar gogewa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na cafke wuyan hannunta.

Ku da kuka san gida kun san abin da na aikata. Yarinyar da ko ido bai kamata ta haɗa da uwar saurayinta ba, ga ta riƙe da hannunta a tsakiyar majami'a kamar ta kama ɓarauniya. Wurin ya yi tsit. Na ji cakin wata ya faɗi ƙasa. Ban kalli Mama ba, amma ina jin idonta a ƙeyata.

"Mama, don Allah kada ku taɓa," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta yi magana ƙasa ƙasa. "'Yata, aikin ɗana ne. Ba zai yiwu a ce wayar uwarsa ce ta ƙi ɗauka ba."

"Ku ba ni minti ɗaya. Minti ɗaya kawai, ba sai kun goge komai ba."

Na durƙusa a gabanta, na cire alamun nan duka, na fito da wayata, na haɗa su. Kafin ta gyara zaman tabarau, aikina ya shiga. Na buɗe mata. Farin shafi ne da baƙin rubutu manya manya, babu fure, babu hoto. Ta karanta layin farko ba tare da ta matso da wayar kusa da ido ba.

"Wa ya yi wannan?"

Nan ne wurin da zan iya cewa ni da Japheth ne. Na ga Mama tana min alama da gira. Na kau da kai.

"Ni ce, Mama."

Japheth ya iso kanmu, fuska a ɗaure. "Jemimah, me ke faruwa? Kin yi wani ne a bayana?" Ya karɓi wayar daga hannun uwarsa don ya gani, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya taɓa riƙe ta. Yatsansa ya koma baya, ya faɗa kan jerin nan, ya taɓa na farko.

Aka ji tari. Sai wata murya, a gajiye amma da dariya a cikinta: "Rhoda, kina ɗauka? To matso, kada ki ce ban rera da kyau ba."

Ban taɓa ganin mutum ya daskare haka ba. Tsofaffin matan da suka san Baba Sati suka dafe ƙirji. Japheth ya dubi jerin, ya dubi uwarsa, ya gane abin da ta kusa yi saboda shi. Ya ajiye wayar a cinyarta da hannu biyu, ya fita. Ko majiginsa bai ɗauka ba.

Na so in bi shi, amma wata dattijuwa ta riga ta ja siket ɗina. "Ke 'yar mai tulu, zuba min nawa." Na zuba mata. Ita ta zuba wa ta kusa da ita, waccan ta zuba wa biyu. Ban tura wa fiye da mutum huɗu ba, sauran su suka yi abinsu, benci na matsawa, waya na sumbatar waya. Kafin rabin awa mata hamsin da tara suna riƙe da shi, masu iPhone suna leƙa na maƙwabta. Mama Rhoda ta share ido da gefen zane, ta ɗaga waƙa ta goma sha bakwai, mamana ta shiga buga tulu. Na tsaya a baya ina kallon hasken wayoyi a fuskokinsu, kuma zan faɗa ba kunya: ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba. Ina alfahari, ina kuma jin tsoro, duka a lokaci ɗaya.

A motar komawa Samaru, muka yi ta tafiya har muka wuce Kwangila. Sannan Mama ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin kashe aurenki da hannunki, kin huta." Na juya ina kallon taga. Can sai na ji ta taɓa matar da ke gefenta, wadda ba ta taɓa gani ba, ta nuna mata waya. "Kin ga wannan? Ko data ba ya ci. 'Yata ce ta yi, ga ta nan."

Lahadi babu saƙo. Litinin babu. Na rubuta "Ina kwana", alama biyu suka yi shuɗi, shiru. Talata Mama ta daina maganar yawan kajin da za a yanka, Baba ya rage ƙarar rediyo duk lokacin da na wuce. Na yi kuka a banɗaki, ba sau ɗaya ba. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba. Da za a mayar da ni wurin, hannun nan dai zan sake kamawa.

Ran Laraba da yamma ina wanke shinkafa na ji tsayuwar mota. Ba turare a wannan karon. Tsohuwar riga ce a jikinsa, idanunsa sun faɗa. Ya gaida Baba har ƙasa, sannan ya zauna a bencin barandarmu. Labulen falo ya motsa, na san Mama tana bayansa.

Ya ciro wani abu naɗe cikin hankicin zumunta, ya ajiye a tsakaninmu. Wayar Mama Rhoda ce.

"Ta yarda a kwafa," ya ce. "Na ce zan yi mata, ta ce a'a. Ta ce hannun da ya riƙe ta, shi ne zai taɓa."

Na dubi hankicin, na dube shi.

"Na ji haushinki, Jemimah. Kwana biyu ina jin haushinki. A na uku na rasa abin da zan ce kin yi." Ya murza idonsa. "Shekara huɗu ina yi wa mutanen da ban taɓa gani ba aiki, na san irin wayar da ke hannunsu. Ta uwata ban sani ba. Kin gaya min a wurin fura, na ce ki zaɓi kala."

"Ka ce haka."

"Ki yafe min." Sannan ya tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsa, "Asabar fa? Kawu yana tambaya ko su zo."

Labulen ya daina motsi gaba ɗaya. Na san Mama ta riƙe numfashi, tana roƙon Allah in ce e da sauri kafin yaron ya canja ra'ayi. Ni kuwa na goge hannuna a zane, na shiga ɗaki na ɗauko kwamfutata da igiyar haɗi, na dawo na zauna.

"Guda nawa ka saurara?" na tambaye shi.

"Wancan ɗayan kawai. Na kasa."

"Saura arba'in. Ba zan kwafi abin da ɗansa bai ji ba. Matso nan, mu ji su tare, ɗaya bayan ɗaya. In mun kai ƙarshe, ka sake yi min tambayar."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya jawo bencin, kafaɗarsa ta taɓa tawa, a gaban Baba, a gaban labule. Na warware hankicin, na taɓa na biyu.

"Rhoda," in ji muryar, "yau addu'ar ta Japheth ce. Allah ya ba shi mace wadda ba za ta ji tsoronsa ba."